Igiya Huɗu Ta Koma Uku

Queens, New York
Lahadi, farkon Disamba

Zuwa ga Goggona abar ƙaunata, Goggo Lavonne,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa da fatan alheri. Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Kawu Orrin da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarku a can Sitka. Yaya sanyi? Yaya fama da gajerun ranakun nan naku, da rana ke leƙowa ta koma kamar mai jin kunya? Yaya kuma gwiwar Kawu? 'Yarki Linnea ta gaya mini an yi aikin lafiya, har ya fara taka ƙafa yana faɗa da likitoci wai sai sun bar shi ya je ya duba kwalekwalensa. Da na ji haka na ce to, ya warke. Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana ku, ya ja da ranku. Mu ma lafiya lau, sai godiya. Surukinki Garrett yana nan ƙalau. Jikarki Nola ta cika sha ɗaya, ta yi tsawo har ta fara sa takalmana ba tambaya. Kifin bandar da kika aiko ya isa gida lafiya. Garrett ya ce Nola ce ta cinye, Nola ta ce ubanta ne, ni dai ƙanshi na tarar.

Na san za ki dubi adireshin da ke saman takardar nan ki ce me ya kai ni New York. Shi ne dalilin rubutun. Na gwada gaya miki ta waya ranar Bikin Godiya, amma da hayaniyar gidanku da kunnen nan naki da kika ƙi sa masa na'urar ƙara ji, ina cewa na canza aiki kina cewa e, an gasa talotalon. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ki karanta a natse. Ke kika riƙe ni bayan rasuwar Baba, tun kafin ku koma Alaska, kuma ke ce kike kai ni ƙaramin filin jirgin nan na bayan gari ranar Asabar, ki zauna cikin mota kina saƙa, ni ina can ina wanke jiragen mutane don wani ya ji tausayina ya ɗaga da ni sama. Ba zai yi kyau ki ji maganar a bakin wani ba.

Kin san shekara goma sha huɗu ke nan ni da Garrett muna tuƙi a ƙaramin kamfanin nan namu, mai jiragen da ba su wuce cin mutum saba'in da 'yan kai ba. Fentin babban kamfani ne a jikin jirgin, fasinja na tsammanin ma'aikatansa ne mu, alhali 'yan ƙwadago ne, muna kwaso masa mutane daga ƙananan garuruwa muna kai masa manyan tashoshi. Ba mu raina ba. Mu biyu duk mun zama kyaftin, kuma kin san a aikinmu ranar da mutum ya shiga kamfani ita ce komai nasa. Ita ke ba shi zaɓen ranakun hutu, ita ke ɗora shi kujerar hagu ta kyaftin, in kuma an tashi rage mutane ta ƙasan layi ake farawa. Mu kuwa mun yi sama sosai, har muna tsara aikinmu yadda in na tashi yana gida, in ya tashi ina gida. Nola ba ta taɓa kwana babu ɗayanmu ba. Mu ne dai muka ji jiki. Akan yi makon da ba na ganin mijina sai a wurin ajiye motocin ma'aikata, ya fito in shiga, ya miƙo mini makulli ya ce akwai miya a firji, yarinya na da jarrabawa ran Alhamis. Wani lokaci muryarsa kawai nake ji a rediyo yana magana da hasumiyar filin jirgi, in ce wa mataimakina ka ji maigidan can, yana da rai. Haka muka yi ta turawa muna cewa sai Nola ta girma.

A watan Afrilu sai kamfani ya aiko mana cewa zai rufe tasharmu ta Cincinnati kafin ƙarshen shekara. Duk mai son ci gaba da aiki sai dai ya riƙa bin jirgi zuwa wani gari ya kama aiki daga can. Wato zaman da muke taƙama da shi ya ƙare. Ɗakin hutun matuƙa ya koma kasuwa, kowa ya zama malami. Wasu na cewa a tafi kamfanonin nan masu arhar tikiti, wasu na cewa in ba babban kamfani ba, ba su ga abin tashi ba. Wani abokin aikinmu har ya rantse wai da ya tuƙa jirgin da ake sayar wa fasinja ruwan sha gara ya koma tuƙin tirela. Bayan wata biyu muka ga hotonsa sanye da rigarsu, baki har kunne. Mu ma muka watsa takardun neman aiki, muka ce duk wanda ya fara amsawa. Goggo, sai aka amsa mana duka. Mai arhar ya ce mu zo mu biyu, babban ma ya ce mu zo mu biyu. Ranar mun yi murna kamar yara, muka fita cin abinci. A hanyar dawowa ne kowa ya fara tunanin abin da ɗan'uwansa ke tunani.

Ga yadda abin yake. Mai arhar yana da tasha a garinmu, daga ƙofar gida ba nisa a mota. Yawancin aikinsu a fita da safe a dawo da yamma, mutum ya kwana a gadonsa, kuma ba a cika daɗewa ba ake komawa kyaftin. Amma kamfani ne da raɗe-raɗi ba ya ƙarewa a kansa, yau a ce za a saye shi, gobe a ce ya kusa durƙushewa. Babban kuwa shi ne mai albashin da fanshon da manyan jiragen da ke haye teku, shi kowane ɗan koyo ke mafarki tun ranar farko. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Sabon shiga New York ake jefa shi, ƙarshen layi, ya zauna zaman jiran kira, ba ruwan kowa da Kirsimetinsa ko ranar haihuwar ɗansa, sai ya yi shekara biyu ko uku kafin ya fara samun yadda yake so. Mu tafi babban mu biyu, wa zai riƙe Nola? Mama Ruthann, mahaifiyar Garrett, ta ce ita za ta riƙe, amma baiwar Allar da ke mance tukunya a wuta ai ita ma riƙon take buƙata. Mu tafi mai arhar mu biyu, ya zama rijiya ɗaya muke sha, ran da ta ƙafe gidan duka ya kwana da ƙishirwa. Taura biyu ba ta taunuwa. Dole ɗaya ya tafi, ɗaya ya tsaya.

Ni na fara magana. Na ce masa shi ya tafi babban. Na ce ya fi ni ƙuruciya, yana da shekarun aiki fiye da nawa kafin dokar shekarun ritaya ta sauke mu. Na ce Nola mace ce, ta kuma kusa shekarun da yarinya ke neman uwarta a kusa. Hujjojina masu kyau ne, don na daɗe ina jera su. Ya saurare ni har na gama, ya ce to, in haka na gani. Shi ke nan. Goggo, wannan "to" ɗin ta ɓata mini rai. Ni na ba shi da bakina, amma ashe raina na so ya ɗan ja, ya ce a'a, ke fa? Ran Lahadi a coci maza suka yi ta dukan kafaɗarsa suna taya shi murna, ni kuma mata na riƙe hannuna suna cewa na kyauta, haka uwa ta gari take yi. Wata har da ƙari, wai ai dama mace da yawon sama sai a hankali. Na yi mata murmushi. A gida kuwa tukwane suka sha wahala. Har Nola ta tambayi ubanta wai me ƙofar firji ta yi wa Mama.

Ana cikin haka lokacin gwajina ya zo, na shiga akwati, na'urar nan da ake rufe mu ciki a kashe mana inji a kunna mana gobara a ga yadda za mu yi. Mai gwada ni Kyaftin Delbert ne, dattijon nan da na taɓa ba ki labari, mai cin gyaɗa yana tara ɓawon a hularsa. Saura masa 'yan watanni ya yi ritaya. Na ci gwajin, amma da muka fito ya ce yau na tuƙa jirgin kamar ya yi mini laifi, ya ja ni wurin shan kofi, ya ce in amayar. Na gaya masa komai. Maimakon shawara sai ya ba ni labarinsa. Ya ce shi ma yana da ƙuruciya babban kamfani ya kira shi, aka yi masa walima, ya bar kujerarsa ya tafi. Bai cika shekara ba aka kai harin nan na 11 ga Satumba, jama'a suka daina hawa jirgi, aka aika shi hutun dole, ya yi shekaru yana hawa rufin gidajen mutane yana gyara, daga baya ya dawo ƙaramin kamfani ya kama daga ƙasa. Abokinsa kuwa, wanda ya tafi wani kamfani mai arha ana yi masa dariya, ya yi ritaya da gida a bakin tafki. Ya ce ya kuma san waɗanda abin ya juye musu akasin haka, su ma da yawa. Sannan ya ce, "Yarinya, a aikin nan ba mai sanin ya zaɓi daidai sai ran da ya ja birkin ƙarshe. Duk wanda ya ce miki ya sani, baki ne kawai ya fi ki." Ya ce shi ba zai iya gaya mini wane kamfani zai kai baɗi ba, amma kada in kuskura in yi kyautar da zan shekara ashirin ina tuna wa mutum da ita, ko da ba da baki ba. Ya tambaye ni ko na tambayi Garrett abin da yake so, ko kuwa sanarwa na yi masa. Ya yi dariya ya ce ai matsalar ke nan, kyaftin biyu a gida ɗaya, kowa ya iya ba da umarni, ba wanda ya iya tambaya.

Ran Asabar ɗin, Nola ta tafi gidan ƙawarta, na same shi a gareji yana gyara mata keke. Na ce ya ajiye sifana, tambaya gare ni. Bai ba ni amsa kai tsaye ba. Ya ce ƙarya ne ya ce ba ya so, shi ma ya sha ganin kansa yana sauke babban jirgi a wata ƙasa. Amma tun ranar da ya ce "to" bai sake jin daɗin abinci ba. Kin san mahaifinsa tirela ya tuƙa har ya rasu. Garrett ya ce abin da yake tunawa shi ne in uban ya dawo bayan makonni, su yaran sai su kama kansu kamar an yi baƙo, a zauna a natse, a yi magana ƙasa-ƙasa, sai ya sake tafiya gidan ke sakewa. Ya ce mutumin bai taɓa dukansu ba, ba su dai san shi ba ne. Ya ce shi ba ya son ya shigo gidansa 'yarsa ta gyara zama. Na ce to me ya hana shi faɗa? Ya ce na zo masa da hujjoji a jere kamar mai karanta bayanin tashi, ya ɗauka na riga na yanke. Sannan ga kunya. Ya ce, "Shauna, gara in faɗi gwaji sau biyu da in shiga ɗakin hutu a nuna ni a ce ga wanda babban kamfani ya kira ya ƙi, matarsa ta tafi ta bar shi da goyo." Daga nan ya juyo ya ce to ni fa, me nake so? Na buɗe baki in sake jero hujjojin, sai kuka ya riga su fitowa. Na ce ina so, tun ina wanke jiragen mutane nake so, kuma kunyar son nake ji saboda ni uwa ce. Ya dube ni, hannunsa duk baƙin mai, ya ce ashe wawaye biyu ne a gidan, kowa ya ɗauki kayan ɗan'uwansa yana nishi.

Kada ki ɗauka a nan aka gama. Mun yi makonni muna kai da kawowa. Akwai ranar da abokinsa ya turo masa hoto daga makarantar horon babban kamfanin, ya wuni ba ya magana. Akwai ranar da ni kaina na ce na fasa, ya ce in na fasa shi ma ya fasa, sai mu zauna mu riƙa kallon juna. Daga ƙarshe muka tsaya a kan ni in tafi babban, shi ya shiga mai arhar. Ranar da ya buga wa babban kamfanin waya ya ce ya gode ba zai zo ba, ina tsaye a bakin ƙofa. Kin san irin wannan kira ba a cika yin sa sau biyu ba. Ya ajiye wayar ya ɗauki makullin mota ya ce zai sayo madara. Ya daɗe, ya dawo ido ja, ba madara. Ban tambaye shi ba. Na san ya ba da abu mai tsada, kuma na yi wa kaina alkawari ba zan taɓa yin kamar ban sani ba. Nola kuwa da safe muka gaya mata, Garrett ya soya fanke don a sassauta. Ta saurara har ƙarshe, ta tambaya ko an riga an yanke. Muka ce e. Ta ce to me ya sa muke yi kamar muna tambayarta? Ta ture farantin ta tashi. Kwanaki ta yi ba ta ce mini komai sai e da a'a. A duk abin nan ba abin da ya yi mini ciwo kamar wannan.

To ga ni nan dai. Na yi tashina na ƙarshe a tsohon kamfani zuwa wani ɗan gari a Michigan da na sauka a cikinsa ba adadi, matar da ke duba tikiti a can ta rungume ni ta ba ni tuffa cike da leda. Na gama horo, na ci. Igiya huɗun da ke kafaɗata ta koma uku, na koma kujerar dama ta mataimakin kyaftin. Kyaftin ɗin da na fara tashi da shi na girme shi nesa, yaron kirki ne, amma sai da ya zauna ya yi mini bayanin yadda ake sauka a kan dusar ƙanƙara, ni da na shekara goma sha huɗu ina sauka a filayen da ko sharewa ba a gama yi ba. Na ce na gode, Kyaftin. Inda nake kwana kuwa ɗan gida ne na haya mu mata shida, gadaje masu hawa biyu, kowa da sunanta a kan shiryayyen firji. Ta saman gadona minsharinta ya fi injin tsohon jirginmu ƙara. Waya tana hannuna ko wanka zan shiga, don in an kira dole in kama hanya. Amma Goggo, ba zan ɓoye miki ba, ranar da na fara tura wannan ƙaton jirgi ya ɗaga, na ji abin da ban ji ba tun ina yarinya.

Sai dai ba a rasa abin da ke hana sakewa. Watan jiya kamfanin su Garrett ya sanar da cewa zai ajiye wasu jirage saboda matsalar inji, ya kuma dakatar da ɗaukar sababbi. Shi kuwa yana can kusa da ƙarshen layi. In abin bai gyaru ba, kafin bazara yana iya samun kansa a hutun dole. Ni ma shekarar farko ce, shekarar gwaji, ƙaramin kuskure ya isa a sallame ni ba mai tsaya mini. Mama Ruthann ta ce ita dama ta faɗa, ko da yake ba wanda ya tuna ta faɗa. Garrett yana mai da abin wasa, wai in an kore shi zai zama kyaftin ɗin kicin, ya riga ya ƙware a taliya. Amma na san muryarsa. Wani lokaci in zauna a bakin gadon nan in ce anya ba mu saki reshe mun kama ganye ba? Sai in tuna reshen ma sare shi aka yi, ba mu muka sake shi ba. Abin da na sani kawai shi ne yanzu kullum da yamma yana gida, shi ke ɗauko Nola daga wasan ƙwallo, har ta fara gaya masa abubuwan da ni ban sani ba. Ina jin daɗi, ina kuma jin zafi, duka a lokaci ɗaya.

Makon jiya ta kira ni da kanta, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Bayan 'yar hira ta tambaya ko zan zo Kirsimeti. Na san ranar tana cikin kwanakin jirana, amma na fara cewa zan yi ƙoƙari, za mu gani. Sai ta katse ni ta ce, "Mama, in ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, ni ba jaririya ba ce." Na ce ban sani ba, kuma mai yiwuwa ba zan zo ba. Sai ta ce to shi ke nan, su za su zo, ita da babanta, ta riga ta sa shi ya duba akwai kujeru a jirgi. Za su dafa abinci a gida su zo da shi, mu ci a ɗan kicin ɗin nan da duk wadda aka bari ba a kira ba. Na ce in kuma muna zama aka kira ni fa? Ta ce, "Sai ki tafi mana, aikinki ne. Mu cinye rabonki."

Abin da nake roƙo a wurinki addu'a ce, Goggo, ki sa mu a ciki mu uku, musamman Garrett. In kuma kina ganin na yi kuskure ki rubuto ki faɗa mini yadda kika saba, ba na son ki tausasa. In gwiwar Kawu ta yarda ku zo mana da bazara, ɗakin baƙi yana nan, Nola ta ce za ta kwashe tarkacenta.

Ki gaida Kawu Orrin da kyau, ki ce ya bi maganar likita, teku ba za ta gudu ba. Ki gaida Linnea da mijinta Anders da 'yan biyunsu, da Fasto da mutanen coci, da maƙwabciyarki Marguerite mai kawo miki burodi. Garrett da Nola da Mama Ruthann duk suna gaishe ku. Allah ya kiyaye ku, ya sada mu da alheri. Kuma don Allah ki sa na'urar kunnen nan.

Taki har kullum,
'yarki Shauna